Daeng Kanang da Butar Ruwan Zafi

A shagon kofi na bakin kasuwar kifi muka ƙulla cinikin, ni da Baharuddin, mai riƙe da jakar kamfen ɗin Puang Lolo, ɗan takara mai lamba biyu a zaɓen shugaban yankinmu. Ni sana'ata buga takardu: katin biki, kalanda, rigunan 'yan siyasa. Aji huɗu na yi a makaranta, amma babu fuskar ɗan takarar da ban san yadda ake gyara ta ba.

"Sitika ɗari shida nake so," in ji Baharuddin. "Faɗin tafin hannu. Fuskar Puang da lambarsa."

"A jikin me za a manna?"

"Kai dai buga mana."

"Gam ɗin gilashi daban, na bango daban, Baha. Kar ka mai da ni yaro."

Ya yi dariya, ya rage murya. Buhunan shinkafar tallafi ne na gwamnati, waɗanda za a raba ranar Litinin. Kuma ko rupiya ɗaya ba zai ba ni ba, don duk abin da kwamitin kamfen ya kashe sai an bayyana wa hukumar zaɓe, wannan kuwa ba aikin bayyanawa ba ne. Ladana shi ne, in Puang ya ci, kalandar ofisoshin yanki kaf tawa ce har shekara biyar. Muka tafa. Ni ne ma na biya kuɗin kofin.

Abu ɗaya muka manta: matar da ke riƙe da makullin sito.

Shekara talatin da ɗaya Daeng Kanang ta yi tana kula da siton gundumarmu. (Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na mace da namiji.) Ƙarfe shida da rabi za ka ji tsohon babur ɗinta yana tari a kan gada. Ta buɗe, ta share, ta bi buhuna tana shinshinawa ko ƙwari sun shiga, ta zuba wa kyanwar sito kan kifi, sannan ta zauna. Na daɗe ina mamakin matar nan. Da zarar an buga gangar siyasa, sai ta ninke duk mayafinta mai launi, ja da rawaya da kore da shuɗi, ta koma ruwan toka, don kowane launi akwai jam'iyyar da ta mallake shi. In za a ɗauki hoto, hannuwanta a baya, saboda an hana ma'aikacin gwamnati ɗaga yatsun da za su yi daidai da lambar wani ɗan takara. Har a bikin 'yarta haka ta tsaya. Ni na wanke hotunan. Muna tsokanarta wai soyayyiyar ayaba take ɓoyewa.

Ranar Asabar sai ga ta a shagona da guntun buhu, fuskar Puang na murmushi a jiki. Ashe ranar Juma'a shugaban gunduma ya ari makulli na biyu, yaran Baharuddin suka yi aikinsu.

"Daeng Tompo, aikinka ne wannan?"

Na fara kame-kame.

"Kai, ya yi kyau," in ji ta. "Har tabon goshin nan ka share masa. To wane irin gam ne haka? Tun safe nake fama, farcena ya karye."

Nan fa kaina ya kumbura. Na ce gam ɗin nan ko ruwan sama bai isa ba.

"Ko ruwan sama?"

"Ko ruwan sama! Sai dai tsumma da ruwan zafi, a bi da ɗan man kwakwa."

Ta yi godiya, ta hau babur. Sai da ta haye gada na gane abin da bakina ya yi.

Ranar Litinin na je da kaina, don in ga yadda za a ƙare. Layi har bakin masallaci. Ita kuwa ta kafa risho a ƙofar sito, buta na tafasa, kwalbar man kwakwa a gefe. Duk buhun da za ta miƙa sai ta ɗora masa tsumma mai zafi, ta ɓamɓare fuskar, ta jefa a kwali. Rana ta yi zafi, mutane suka fara gunaguni.

"Daeng, hoton za mu dafa ne?" wani mai kwale-kwale ya ɗaga murya. "Ba mu abinmu mu tafi!"

"Zo ka riƙe mini buta, ka fi saurin tafiya," in ji ta.

Can sai ga shugaban gunduma da farar motarsa. Bai yi faɗa ba. Kusa da ita ya matso, ni kuma kunnena ba ya hutu.

"Daeng, shekara ɗaya ta rage miki ki yi ritaya. Kin san akwai sito a tsibiri da ba shi da mai kula? Awa huɗu a jirgin ruwa. Ga mai gidanki ba lafiya."

"Na sani, Yallaɓai. Amma abin mai sauƙi ne. Rubuta mini a takarda cewa in raba da hoton, ka sa hannu, yanzu in kashe risho."

Ta miƙa masa biro. Ya dube shi kamar an miƙa masa maciji, ya koma mota.

Daga nan matan kasuwar kifi suka shigo, su da farcensu ya saba da ɓawon kifi. Wata tana gogawa tana cewa, "Sannu Puang, yau ka sha wanka." Kafin la'asar buhu ɗari shida sun fita fes.

Ranar Alhamis 'yan lamba ɗaya suka kai ƙara. Masu sa ido kan zaɓe suka bi gida-gida, ba su sami komai ba sai tabon mai a jikin buhu. Da sun sami fuskar nan a kan kayan gwamnati, da takarar Puang ta shiga uku. Ya ci zaɓe. Bayan mako uku takardar canjin wurin aiki ta iso wa Daeng Kanang. Wata goma sha ɗaya ta yi a tsibiri, mijinta na kwance a gidan 'yarsu, ita tana haye teku duk mako biyu da ƙunshin busasshen kifi.

Makon jiya aka yi mata walimar ritaya, na samu na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Shinkafar ai za ta isa ga mutane, da hoto ko babu. Tsoron doka ne?

"Doka na nan," in ji ta. "Amma ka san Kaka Sunggu ta bayan makabarta? In ta dafa shinkafa daga buhu mai fuskar mutum, har cikin rumfar zaɓe, inda ba mai ganinta, kunyarsa za ta ji. Haka mutanenmu suke. Shinkafar kuwa tasu ce tun asali. Don me za su ci abinsu da kunya?"

"To me ya kawo ki wurina?"

"Na san ba ka iya riƙe baki in an yabi aikinka."

Ke ce mai mayafin toka, Daeng Kanang. Ke ce wadda ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ba ta zagi kowa ba, ta dai dafa ruwa. Na buga fuskokin manya sun fi dubu, taki ba wanda ya taɓa kawo mini. Na gode, har da wayon da kika yi mini. Ku kuma matasan da ke karɓar makullai yanzu, duk wanda ya zo muku da umarni a baki, ku miƙa masa biro ku gani.

A hoton walima aka ce ta saki jiki, ai ta fita daga hannun gwamnati. Ta fito da hannuwanta, ta juya su, ta rasa inda za ta sa su, ta mai da su baya.

To ga yadda cinikinmu ya ƙare. Puang Lolo ya sami kujera, har yau bai san wadda ta tsare masa ita ba, ko ya sani ya yi shiru. Baharuddin ya sami mota. Kalanda surukin Baharuddin aka ba, ni na tashi da asarar sitika da kuɗin kofi. Daeng Kanang ta rasa wata goma sha ɗaya a gefen mijinta, babu mai mayar mata da su. Kaka Sunggu kuwa ta cinye shinkafarta tas, ta zaɓi wanda ta ga dama, kuma na yi juyin duniya ta ƙi faɗa mini ko wane ne.