Bukkar da Na Kasa Sayarwa

Kakana ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya tsaya a Gadarif don ya noma riɗi na damina ɗaya ya samu guzuri. Damina arba'in ya yi. Makka dai bai gan ta ba, amma kafin ya rasu ya kira malamin unguwa da shaidu, ya sa aka rubuta cewa bukkar da ke bakin ƙofar gidansa wakafi ce: ba a sayar da ita, ba a gadonta, ta matafiyin da hanya ta yanke wa ce. Ya ƙara da sharaɗin kada a tambayi baƙo ranar tafiyarsa. Ina jin shi ma an ishe shi da wannan tambayar.

Amanar ya damƙa wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ba ta karatu, amma ta haddace takardar, tana ajiye ta cikin gwangwanin shayi.

Ni kuwa karambani ya yi mini yawa. Don na yi 'yan shekaru ina rubuta wa mutane takardun ƙara a bakin kotu a Khartum, sai na ɗauka shari'a a aljihuna take kwana. Da mahaifina ya rasu aka raba gida, na sayar da rabona tun masu ta'aziyya ba su gama watsewa ba, sannan na sa wa bukkar ido. Tana bakin titi, shago kawai take jira.

"Gwaggo, alhazan yanzu ta sama suke bi," na ce mata. "Wa kike jira? Awaki ne kawai ke leƙa ta."

"Su ma matafiya ne, ya waladi, ɗana. Sha shayinka."

Sau uku ina karɓar takardar ina neman kuskure, ban samu ko ɗigo ba. Ana haka na tarar ɗan baffana ya jibge buhunan riɗi a ciki. Haushi ya sa na tara dangi, na karanta musu da babbar murya cewa ɗan gida ba shi da ikon ko rataye riga a wurin. Aka kwashe riɗin, na koma Khartum ina hura hanci.

Sai yaƙi ya ci Khartum. Muka iso Gadarif a bayan motar kaya, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu da tukunya ɗaya. Ɗakunan dangi cike, rumfuna cike, makarantu ma mutane ne kwance a ciki. Rabon da na sayar kuwa an zagaye shi da katanga, har da fenti. Wuri ɗaya ya rage, kuma duk duniya babu wanda ya fi ni saninsa.

Da tsakar rana muka sami Gwaggo tana soya gahawa. Ta rungume yaran, ta yi kukanta, ta ba mu ruwa, sannan ta dube ni.

"Kai ɗan gida ne ko baƙo?"

"Haba Gwaggo!"

"La, la, ba ni na faɗa ba. Wani babban lauya ne daga Khartum ya karanta mana takarda. Ya ce ɗan gida ko riga kar ya rataye."

Ɗan baffana yana tsaye yana kallon sama, yana danne dariya. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ƙaramar 'yata ta yi barci a kafaɗar uwarta, rana na dukan ƙeyarta.

"Baƙo ne," na ce.

"Khalas, shi ke nan. Marhaba da baƙo."

Na sunkuya na shiga. An share tas, ga sabuwar ciyawa a jinka, ga gado an sake masa igiya. Duk shekarun nan tana gyaran ɗaki saboda baƙon da bai zo ba, ni kuma ina kiran hakan wauta. Na zauna a bakin gadon na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar da muka bar gidanmu.

Damina biyu ke nan muna cikin bukkar. Rannan kunya ta ishe ni, na ce, "Gwaggo, in abubuwa suka lafa, za mu..."

Ta toshe kunnuwanta da yatsu. "Ni ban tambaye ka ba. Takarda ta hana."

Sai ta turo mini gwangwanin shayin. "Riƙe, kai za ka kula da ita bayana. Duk zuri'ar nan babu wanda ya karanta ta kamarka."