Karafan ɗin Babanmu a Gangaren Hada

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da muka gangaro daga Ɗa'if a tsohuwar karafan ɗin babanmu, motar nan mai gado da murhu a cikinta.

Bayan rasuwarsa ta yi shekara huɗu a bayan gidanmu a unguwar Hindawiyya, kyanwoyi na haihuwa a kan kujerunta. Yayana ya ce a sayar da ita a sayo ta zamani. Ni kuwa na kafe sai an gyara, don na san ƙarfenta, ni na taso ina wanke ta. "To halas, shi ke nan," in ji shi, "amma 'ya'yana ba za su shiga akwalar nan ba sai na ga ta hau dutse."

Na kai ta warsha, wato gareji, wajen wani dattijon makanike, Bahaushen Sudan, ina zuba masa lissafin fenti da labule. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana goge hannu.

"Ɗana, injinta lafiya lau. Amma birkin nan ya mutu. Ka bar maganar ado, a fara da abin da zai tsayar da ita."

Raina bai so ba, amma na bi. Aka sauya birki da tayoyi gaba ɗaya, ta fito da tsohon fentinta duk ya kwaile. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Da na hau dutsen Hada da ita na dawo lafiya, ya cika alkawari.

Mu tara ne a ciki ranar da muka je Ɗa'if ɗin, har da Umma. Muna gangarowa da la'asar, a wata kwana, motar gabanmu ta tsaya cak saboda birai sun cika titi. Ga rami a damanmu. Na danna birki da dukan ƙarfina. Tukwane suka zube, yara suka sa ihu, Umma na salati. Motar ta tsaya, tsakaninmu da ta gaba bai fi kamu ɗaya ba.

Yaya ya dafa kafaɗata. "Ba za a sayar ba."

Har yau muna hawanta. Ranar na gane cewa kafewa a kan gaskiyarka ba ta isa ba, sai ka haɗa da jin maganar wanda ya fi ka sani, ko da ba ta yi maka daɗi ba.