Ranar Zaman Korata

Jiya a kasuwar Mai'adua wani ya ɓare farin goro, ƙas, sai na tuna marigayi shugaban hukumarmu a Daura, wanda muke kira Baba. Baba ba ya yanke hukunci sai ya gama tauna goronsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kwamishinoni suka sa zaman korata ƙarfe tara, wai na cika makara. Na iso da sassafe, ina zufa, ina tunanin 'ya'yana huɗu. Kwamishinonin kuwa sai gab da azahar suka shigo.

Baba ya haɗiye goro, ya dubi agogon bango, ya ce, "To, Alhazai, da wa za mu fara?"

Aka yi ta gyaran murya. Gargaɗi kawai aka yi mini.

Allah Ya sassauta masa hisabi, Ya haskaka makwancinsa.