Motar da Ke Bin Na Ƙarshe

Makarantar kuɗin da aka saka ni a Doha da gudu ta yi suna. Wasu makarantun da lissafi suke taƙama, wasu da ninƙaya, tamu kuwa kofunan tsere ne jere a kabad tun daga bakin ofishin shugaba. Gudun ratsa daji suke kiransa, ko da yake ni dai ban taɓa ganin dajin ba. Yashi ne da tsakuwa, sai ɗan tudu nan da can, sai wata bishiyar ƙaya guda da ta gaji da duniya.

Aikin bincike ne ya kai mahaifina can, a shekarun da duk inda ka juya a garin gini ake yi. Muna zaune a Abu Hamur, kusa da babbar kasuwar kayan miya. Ina ɗan shekara sha biyar, kuma tuwo ya karɓe ni sosai, kumatuna kaɗai sun isa shaida. Watannin farko a makarantar nan ni kaɗai nake cin abincin rana, a ƙarƙashin bene, don in na buɗe baki da Turancina na Kano sai ka ga ana kallon juna. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban gaya wa kowa a gida ba.

Sai kocin gudu, wata siririyar Baturiya mai usur a wuya, ta ji an ce akwai sabon yaro daga Afirka. Baiwar Allah ta ɗauka an kawo mata gwanin gudu ɗan Kenya har gida. Ranar da ta gan ni ta dube ni sama da ƙasa, ta haɗiye yawu, amma da yake ta riga ta aika a kira ni, kunya ta hana ta korata. Haka na shiga ƙungiyar. Washegari na samu kujera a teburin 'yan gudu, ana miƙo mini dankali, ana tsokanata, ni ma ina ramawa. A duk makarantar nan, su ke nan mutanena.

To, kowane tsere akwai motar da ke bin wanda ya zo ƙarshe a hankali, don ta ɗauki duk wanda ya ji ciwo ko ya sare. Mai tuƙa ta direban makarantar ne, wani dattijo mutumin garinsu mahaifina, can wajen Gwarzo. Baffa nake kiransa. Tun ranar da ya gano ɗan wane ne ni ya ɗauke ni amana, ba tare da kowa ya ba shi ba. Da yake kuma ni ne na ƙarshe kullum, sai ya zama motar tawa ce, har direba.

Baffa bai taɓa yarda da wannan wasa ba. A tarbiyyarsa, mai mota ba ya ganin wanda ya sani yana tafiya a ƙasa ya ƙyale shi, ballantana ɗan gida. Da mun ɗan yi nisa, sauran yara sun ɓace mini, sai in ji ya matso, ya sauke gilashi.

"Ɗana, shigo mana. Wa zai gani?"

"Baffa, tsere ake yi."

"Da wa? Ai duk sun tafi. Yanzu haka na farkon ya yi wanka."

Daga nan sai ya ɗago gorar zoɓo mai ƙanƙara ya girgiza ta, ya ce, "Yanzu in na haɗu da Alhaji a masallacin Juma'a me zan ce masa? Ina zaune a kujera ɗansa yana haki kamar rago a kasuwa?" Wallahi ba na kai rabin hanya nake ba da kai. In shiga, in miƙe a kujerar baya, mu ƙarasa muna hirar mutanen Gwarzo da ban taɓa gani ba. Kusa da wurin gamawa sai in sauko ina ɗingishi, don mutunci.

Koci ta yi haƙuri da mu har lokacin sanyi ya kusa ƙarewa. Ana saura 'yan kwanaki tseren ƙarshe na shekarar ta tare ni a gefen motar bayan atisaye. Ta ce ba ta damu in zo na ƙarshe ba, dole wani ya zo. Amma ƙungiyar ta masu ƙarasawa ce da ƙafarsu. In na sake shiga mota, khalas, shi ke nan, in ajiye rigar ƙungiyar. Baffa yana gefe yana goge gilashi, ya yi fuskar mutumin da bai taɓa jin Turanci ba a rayuwarsa. Ni kuwa ba rigar nake tunani ba, ƙarƙashin benen nan nake gani.

A filin arewa da gari aka yi tseren, wajen Lusail, lokacin babu komai a wurin sai manyan motocin yashi da tutocin masu awon fili. Zafi ya riga ya fara dawowa. Aka busa usur, yaran makarantu suka zuba a guje, ni ma na zuba iya tawa zubawar. Kafin tudu na farko an bar ni da ƙarar injin Baffa a bayana.

Na jira in ji an sauke gilashi, don na shirya amsa mai kyau tun a gida. Shiru. Na wuce inda muka saba yin ciniki, shiru. Na ce a raina, to madalla, yau dattijo ya yi hankali. Amma da na hau tudu na biyu sai ƙirjina ya kama wuta, cinyoyina suka ce su fa ba da su aka yi alkawari ba. Abokai, teburi, dankali, duk suka fita daga kaina. Na tsaya, na juya, na kama murfin motar na ja. A kulle.

Na buga gilashi. "Baffa, buɗe!"

Ya sauke shi kaɗan, iyakar yadda murya za ta fito, idonsa yana kan sitiyari.

"Babu wuri," in ji shi.

Na leƙa. Kujeru reras, ko jaka babu.

"Haba Baffa! Mutuwa zan yi!"

"Ba za ka mutu ba. Yalla, wuce mu tafi." Ya ɗage gilashinsa.

Haushin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba. Da haushin nan na yi sauran gudun, in gudu ne sunansa. Ina tafe ina tsara ƙarar da zan kai wa mahaifina, ina shirya yadda ba zan ƙara gaishe da tsohon nan ba har abada. Ban san lokacin da na hango tutocin wurin gamawa ba. An riga an fara naɗe igiyoyi, wata makarantar har ta shiga motarta. Amma 'yan ƙungiyarmu suna nan tsaye, suna ihu suna kiran sunana yadda suka iya lanƙwasa shi. Na tsallake layin na zube. Koci ta danna agogonta, ta dube shi, ta ce gara kada ta faɗa mini. Sannan ta ce sai ranar atisaye.

Da aka tashi tafiya ni na fara isa motar, fuska a ɗaure. Ina buɗe ƙofa wani hucin zafi ya buge ni kamar na leƙa tanderun burodi. Ashe tun da ya hana ni shiga ya kashe na'urar sanyi, ya bar gilasai a rufe, haka ya biyo ni har ƙarshe. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, gemunsa yana ɗiga.

"Baffa, me ya kai ka?"

Ya cire hula ya share goshi da ita. "Ai ba zai yiwu ba, kana wuta ina shan iska."

Duk jawabin da na shirya ya watse. Na zauna a kujerar gaba. Shi ne ya sake magana, a hankali, kafin sauran yaran su ƙaraso.

"Tun da na fara riƙe sitiyari ban taɓa rufe wa ɗan gida ƙofa ba sai yau. Ka yafe mini, ɗana."

"Baffa, ai na gama."

"Na gani," in ji shi. "Duk da haka ka yafe mini."