Maman Felix da Bokitin Jirgin Chuks

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ku sani wannan ba tatsuniya ba ce. Mai ita tana nan da ranta a Samaru, gwiwa ce kawai ta fara yi mata gardama.

Edith sunanta, amma Maman Felix kowa yake ce mata. Shekara da shekaru, da sassafe za ka gan ta a bakin dam ɗin da ke bayan Bomo, tana tura baro da buhun garin katako a ciki. Can ne Chuks, wani ɗan kasuwar Sabon Gari, ya ajiye jirginsa mai rumfa, wanda ke kai ɗalibai da 'yan biki shan iska a kan ruwa. Ita ke share jirgin, ta goge kujeru, sannan ta shiga ɗan ɗakin nan na baya, wanda kowa ke bukata amma ba mai son ambatonsa.

Da aka kawo jirgin babu ban ɗaki a ciki, mutum kuwa ba ya yini a kan ruwa yana matse ciki. Chuks ya bincika ya samo iri biyu. Ɗaya na magani ne: akwati rufaffe, a zuba masa wani shuɗin ruwa, ba wari, ba ƙuda. Ɗayan kuwa bokiti ne a ƙarƙashin mazauni, duk wanda ya gama ya rufe da garin katako, a kwashe a kai rami ya ruɓe ya zama taki. Ya ce tunda ita za ta riƙa kwashewa, ita za ta zaɓa. Shi dai na maganin ya fi kwanta masa, don zai rufa mata asiri: da akwati a hannu, wa zai san abin da ta ɗauko?

Ta tambaye shi ina za a juye shuɗin ruwan in ya cika, tunda motar kwasar masai ba ta iya sauka gangaren dam ɗin. Sai ya dubi dam.

"A'a, ɗana," in ji ta. "Da ruwan nan Malam Tanimu mai lambu yake shayar da alayyafonsa, ni kuma wurinsa nake saya. Kawo bokitin."

Ta san abin da zai biyo baya. Ita ce mai tukunyar zumuntar mata a cocinsu. Biki ne, Kirsimeti ne, zaman makoki ne, shinkafarta ake jira. Baron da take ɗora bokitin a kai kuwa ba ya ɓoyuwa, sai ya bi hanyar da kowa ke bi kafin ya kai rami. Ba a daɗe ba magana ta isa coci. Shugabar zumunta, Maman Diana, ta ja ta gefe cikin lallami, ta ce sun lura gajiya ta yi mata yawa, ta huta da girki haka nan, ta riƙa jera kujeru. Ba wanda ya ambaci baro. Ta ce to. A bikin da ya biyo baya ta zauna tana kallon wata tana juya tukunyar, ta ci abin da aka zuba mata, gishiri ya yi yawa.

Da Chuks ya ji, ya ce su koma na maganin a wuce wurin. Ta ce masa matan sun riga sun ga abin da suka gani, ruwan kuma bai canza hanya ba.

Aikin ma bai zo da sauƙi ba. Mutanenmu da buta suke shiga, garin katako kuwa ba ya shiri da ruwa, sai ya caɓe ya tayar da wari. Ta sa kafinta ya yi wurin tsarki daban a gefe, da jarka a ƙarƙashi, ta riƙa kai ruwan nesa da gaɓa tana juyewa. Waɗanda suka hau jirgin shaida ne, kafin a tashi sai ta tsaya ta yi bayanin komai dalla-dalla, ɗalibai suna ƙunshe dariya.

"Ku yi dariyarku, 'ya'yana," takan ce. "In mun kai tsakiyar ruwa, wurina za ku zo kuna raɗa."

Ke ce, Maman Felix, mai baro, mai tsaron ruwan da ba naki ba. An ba ki zaɓi tsakanin mutuncinki a idon mutane da tuwon waɗanda ba su ma san sunanki ba, kika ɗauki mai nauyin. Sannu da aiki, mun gode, Allah ya saka miki. Mu kuma, in an kawo mana abu mai sauƙi mai ƙamshi, mu yi irin tambayarta: in ya cika, ina za a zubar, wa ke zaune a ƙasan wurin?

Bana ta ajiye baro. Wata mata, Amara, ta karɓi aikin bayan ta koya a hannunta, jirgin Chuks kuma har yau da bokiti yake tafiya. Malam Tanimu yana nan yana ban ruwa. Maman Diana ta sauka daga shugabanci, suna gaisawa ranar Lahadi. Tukunyar zumunta dai ba ta dawo hannun Maman Felix ba. A gida take girkinta, jikokinta ke ci.