Ragon layyata da fim ɗin ƴan ƙwaya

Ina isa rumfar mai shayi na iske jandarman garinmu zaune bisa benci, baki sake, yana kallon tele. Fim ne na Turawa da aka kawo faifansa daga Konni a shekarun dubu biyu, duk gari ya haukace a kansa. Wai ƴan sanda ke farautar masu saida ƙwaya, wata da watanni suna sauraren wayoyinsu, ba su kama kowa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƴan ƙwaya sun kwance mini ragon layya. In ba a tashi yanzu ba, kafin magariba ya ƙetare zuwa Najeriya."

Ko waiwayowa bai yi ba. "Baba, zamna, saura kaɗan su kama shi."

"Su kama wa? Ga mai saida musu ƙwayar nan kusa da kai, kofinku guda. Shi ma sai an saurari wayarsa?"

Mai ƙwayar ya ce, "Tsoho, ka tare muna tele."

Sai na zagaya bayan rumfa na kashe janareto.

Wallahi ban ɗago ba aka riƙe mini hannu. Ni na kwana a tsare, ragona ya kwana Najeriya, su kuwa suka tada inji suka ƙarasa kallonsu.

Har yau ban ga wanda aka kama da sauri kamar ni ba. Ku da kuka yi karatun boko a lakwal, ku faɗa mini sunan laifina.