Hoton da Baba ya fito malfa

Jiya jikata ta ɗauko tsohon hotonmu na gida, ta duba ta sake dubawa, wai ina fuskar babana? Babu ita, sai malfa.

Farkon samun 'yancin kai aka ɗauke shi, ina ƙarama, ranar da mai hoto ya zo Matankari daga Dogon Dutsi da akwatinsa mai ƙafa uku. Ya fiddo mu daga inuwa, ya jera mu muna fuskantar ranar hantsi, wai sai haske ya daki fuska hoto ke kyau.

Kakata, wadda ta haifi Inna, ta ce ita ba ta shiga. Ta jawo tabarma ta zauna dab da akwatin tana kallonmu.

Nan take Baba ya sunkuyar da kai.

"Malam, ɗago ka dubi rana mana!" in ji mai hoto.

"Ranar taka ta wajen surukuwata ta hito. Ɗauki abinka hakanan."

Hotonsa ke nan guda a duniya. Mu duk rana ta sa mun kanne ido, shi kuwa malfa ce da gemu.

Akwai wanda kunya ta taɓa cinye wa hoto irin namu? Ku sako mu gani.